Kofi Ɗaya Daga Danube

"Baba, ɗago ka gani, sun sake sako kogin!"

A katun ɗin barkwancin nan da ake nunawa a talabijin duk Lahadi, an zana kogin Danube a siffar tsoho mai koren gemu, yana kwance yana tari. Fada, limamin coci, ya jefa gicciye cikin ruwa, yadda muke yi duk Janairu, samari suka faɗa don su ɗauko. Wanda ya ci ya fito ba gashi ba gira, wandonsa ya narke. Tsoho ya yi gyatsa ya ce, "Ai na gaya muku ba ni da lafiya."

Ɗana Vukashin har da dukan tebur. Ni kuwa na ture miyar kifina gefe. Shekara sha ɗaya ina aiki a majemar garinmu, kuma duk Juma'a hannuna ne ke murɗa famfon da ke sakin ruwan jima cikin kogi, taku ɗari sama da inda ake jefa gicciyen.

"Bana na ba da sunana a gasar gicciye," in ji Vukashin.

"Ba za ka shiga ba."

"Kai ba ka shiga ba a zamaninka? Ga hoton can a bango, kana rawar ɗari kamar jiƙaƙƙen zakara."

"Wancan wani ruwa ne."

"Haba Baba, zane ne fa! Zane kake tsoro?"

Uwarsa Milojka ta kalli hannuwana da suka ɗaye har gwiwa, ta kwashe kwanuka.

* * *

Magajin gari ya fusata. Ba da majema ba, da masu zane. Ya gayyato 'yan talabijin su zo ranar gicciye su ga tsabtar ruwanmu, ya kuma sa a zaga da takardar neman a soke shirin.

Zhika, shugabanmu a wurin aiki, ya shimfiɗa mini ita kan ganga. "Sa hannu, Radisha. Sun zagi kogin kakanninka."

"Juma'ar nan a bar famfon a rufe, maigida. Kashegari yara za su shiga."

"Ka zama likita ne? Danube ya haɗiye yaƙoƙi, ɗan ruwan fata ne zai gagare shi?"

Ban sa hannu ba. Amma ranar Juma'a na murɗa famfon. Ba zan ɓoye ba.

* * *

Asabar da hantsi gaɓa ta cika. Samari ashirin sun tuɓe suna tsalle-tsalle, Vukashin na uku a layi. Fada ya tsarkake ruwan da aka kawo a ganguna daga famfon coci, kowa ya miƙa kofinsa don ya sha albarka. Magajin gari na gaban kyamara yana cewa ruwanmu ko jariri ya sha.

Na gangara bakin ruwa. Na nutsa kofina cikin kogin, na hawo, na miƙa wa magajin gari.

"Ranka ya daɗe, ga albarka. Daga uwar ruwan."

"Radisha, ka bugu ne?" Zhika ya raɗa.

"Ban karya ba ma. Sha mana, ranka ya daɗe. Jiya da hannuna na haɗa shi."

Ruwan ya yi kalar shayi, kumfa na zagaye bakin kofin. Magajin gari ya karɓa yana murmushi, ya kai kusa da hanci, ya tsaya. Wata tsohuwa ta ce, "Ko a kawo maka sukari?" Aka kwashe da dariya.

Fada dai ya jefa gicciye. Sha bakwai suka faɗa. Vukashin ya tsaya yana kallona, ruwa iya idon sawunsa, sannan ya juyo ya ɗauki rigarsa.

* * *

Litinin aka sallame ni. Vukashin ya yi mako bai yi mini magana ba.

Bayan wata biyu masu zane suka sako ni a katun: ɗan guntun mutum mai jan hanci, yana bin mutane da kofi. Gari ya yi dariya, har yara na yi mini kirari da Mai-Kofi. Ɗana bai yi dariya ba. Ya tashi ya kashe akwatin talabijin, ya turo mini burodi.

Ranar Juma'a na tsaya a gaɓa. Ƙarfe huɗu daidai kumfar ta ɓullo, ta bi ta gaban coci a hankali. Wanda suka ɗauka a madadina ba ya makara.