Igiyar Baba Direba

"Ba nan ba, Tela. Koma bayansu."

Na tsaya da bakin igiyar a hannuna, yara goma sha ɗaya sun zuba mini ido kamar na yi saɓo. Baba Direba yana zaune a kujerar roba a ƙofar ɗakinsa, bargo a gwiwa, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ranar ce ta farko da ƙafafunsa suka ƙi kai shi makaranta. Da yake ɗakina ne ke manne da nasa a gidan hayar, sai abin ya faɗo a kaina.

"In ina baya, wa zai nuna musu hanya, Baba?"

"Sun fi ki saninta. Na gaba hanya yake gani. Na baya shi ke ganin yara."

Shekara shida ke nan yana raka yaran layinmu makaranta, ba wanda ya sa shi. Igiyar doguwa ce, irin ta ɗaure kaya a saman mota, ya yi mata ƙulli-ƙulli, kowane yaro da nasa: dogaye a gaba, ƙanana a baya kusa da shi. Kafin ya fara, a babur ake loda su, uku ko huɗu a bayan mutum ɗaya. Tafiyar ba ta kai minti ashirin a ƙafa ba. Babban titin da ke tsakani ne kawai ke tsinka zuciyar iyaye.

"Kuma kada ki tsallaka da su a gaban kantin magani," in ji shi.

"Ai nan kowa ke tsallakawa."

"Shi ya sa kowa ke tsallakawa da gudu. Ƙara gaba, har inda titin ya fara hawa tudu. Babbar mota in ta zo nan dole ta rage gudu, ko direban ya so ko bai so ba. Shekara talatin na yi a kan sitiyari, 'yata. Yaro ƙarami in yana dab da gaban mota, ko gashin kansa ba ka gani."

"Kafin ku warke ne fa kawai."

"Kafin in warke," ya ce, yana gyara bargon.

Ni ban zo gidan nan don in saba da kowa ba. Aurena ya mutu, na kama ɗaki mai taga ɗaya, na ajiye keken ɗinkina, na rufe ƙofa. Shekara biyu abin da na fi sani game da maƙwabcina shi ne tarinsa, wanda ke ratso bango ya same ni. Har na saba da shi yadda mutum ke sabawa da ƙarar agogo.

A mako na uku na kai masa shayi da yamma. Ɗakin ba komai sai gadon ƙarfe, rediyo, da kwalaben magani jere a kan taga. Ya rame har agogon hannunsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

"Tela, ki riƙe igiyar nan."

"Ai ina riƙe da ita."

"Kin san abin da nake nufi."

"Baba, ina da ɗinki. Safiya ce lokacin aikina."

"Keken naki gudu yake yi in kin bar shi? Ki ɗaure masa ƙafa."

Na yi dariya, amma ban ɗago kai ba. "Ba 'ya'yana ba ne," na ce a hankali.

"Ni nawa ne? Nawa guda ɗaya ne, yana can nesa, muryarsa ma sai an yi sa'a." Ya yi tari mai tsawo. "Ce mini 'to' kawai, in huta."

Kalma ɗaya ce, ƙarama, amma na kasa faɗinta. Na taɓa yin alkawari na har abada, na ga inda ya ƙare. Na ce shayin zai huce. Ya dube ni, sannan ya juya fuskarsa bango.

Ranar Asabar da hantsi ya rasu. Ina ta taka keke, ƙarar ta cika ɗakin. Sai da zare ya ƙare na tsaya sauyawa, na ji shirun. Na daɗe zaune da zaren a hannu kafin na iya tashi.

Ɗansa ya zo, aka kai Baba makwancinsa. Washegari wata 'yar layinmu, Maman 'Yan Biyu, ta tare ni a bakin famfo.

"Allah ya jiƙan tsoho. Ni dai na yi wa mai babur magana, gobe zai zo ya kwashi nawa. Ke ma kya huta."

Na ce, "Haka ne." Na ji sauƙi a raina, sauƙin kuma ya ba ni kunya.

Litinin da safe na zauna gaban keke, na kasa taka shi. Na leƙa ta taga. Yara bakwai suna tsaye a gaban ƙofarsa mai kwaɗo, a jere. Ƙaramarsu, wadda ake ce wa Auta, ta fito daga layin, ta zo ta ɗora haɓarta a kan tagata.

"Anti Tela, za mu makara."

"Mamanku ba ta gaya muku ba?"

"Ta gaya mana ya mutu. Ba ta ce ke ma ba."

Na ɗauko igiyar daga bayan ƙofa.

A hanya babur ya wuce mu da 'yan biyu da wasu biyu a matse, suna ɗaga mana hannu. Ƙulli huɗu suna lilo ba mai riƙe su. A gindin tudun wata babbar mota ta yi nishi, ta rage gudu, direban ya miƙo hannu ta taga ya ce mu wuce. A tsakiyar titi na ce "to", a fili, har Auta ta waiwayo ta dube ni.

Na dawo ni kaɗai, igiyar a naɗe a kafaɗata. Tsakar gidan ba kowa. Mai gidan ya sa an share ɗakin saboda sabon ɗan haya, an fito da katifar an jingina ta da bango ta sha rana. A tsakiyarta akwai ɗan kwari mai tsawo, daidai jikin mutum ɗaya, kyanwar gidan tana shinshinarsa.