Furen Alili a Jikin Rijiyar Ajiya

Shekarar da har itatuwan argan masu jure fari suka zubar da ganye, alilin Bihi, wani ɗan itace mai jan fure, ya yi fure kamar ana biyansa. Bihi mijina ne. Shi ya yanko reshen a ƙoramar da ke ƙasan gari, ya dasa a bayan gida, jikin rijiyar ajiya. Wai ba ya son ruwa, ba ya son taki, akuya ma ba ta kusantarsa saboda dafi. Mutumin da ko albasa bai taɓa shukawa ta yi ba, sai ga shi yana jan baƙi zuwa kallon fure.

Rijiya biyu gare mu, duk ruwan sama suke tarawa. Ɗaya muke sha. Ɗayar ana liƙe bakinta da laka tun ƙarshen sanyi, lokacin da ruwan sama ke ɗaukewa a wurinmu, ba a buɗewa sai ta farko ta ƙafe. Ita ce ranmu har ruwa ya dawo, mu da yara da uwar Bihi da ba ta iya tashi, don motar ruwa ba ta hawo dutsenmu. Ta farkon kuwa ta riga ta fara ba da laka.

Maƙwabciyarmu Lalla Mammas ce ta leƙo ta katanga wata safiya.

"Rkia, ke dai ba kya tsoron Allah. Mutane na wanke fuska da rabin kofi, ke kina shayar da fure?"

"Wallahi, Lalla, ko ruwan wanke-wanke ban taɓa zuba masa ba. Akuya nake ba."

"To aljanu ke ba shi? Sauka ƙorama ki ga 'yan uwansa, sun yi furfura kamar gemun tsoho."

Na sauka don in ƙaryata ta. Ƙoramar ta ƙafe, alilinta duk ya yamutse, ganye ya naɗe, fure ko ɗaya babu. To namu ina yake samun ruwa? Na hawo gida da sauri, na tarar da Bihi yana haɗa shayi a inuwar furensa.

"Bihi, don girman Allah faɗa mini gaskiya. Kana zuba masa ruwa a ɓoye?"

Ban taɓa roƙon Allah ya sa mijina ɓarawon ruwa ne ba sai ranar. Ya kwashe da dariya.

"Ni? Na ce miki itacen nan bai san ƙishirwa ba. Hannu ne, mata, hannu!"

Na durƙusa a gindin itacen na tona da farce. Ƙasar sama ta ƙone, amma da na zurfafa sai na ji sanyi. Na damƙo ta, ta dunƙule a tafina. Na miƙa masa. Dariyar ta tsaya.

"Lokacin buɗe rijiyar bai yi ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Me mutane za su ce?"

Ban saurare shi ba. Na fasa lakar da fartanya, na ture murfin, na zura gugan ƙarfenmu. Akwai ƙulli a igiyar, inda guga ke taɓa ruwa kowace shekara. Ƙullin ya wuce ta hannuna. Igiya na ta tafiya, ni ina ta salati. Can sai muka ji ƙwas, ƙarfe ya bugi dutse.

Bihi ya rugo da madubin askinsa, ya haska rana ciki. Bangon ya tsage daga sama har ƙasa, fararen saiwoyin alilin sun cika tsagar, sun sauko kamar gashin tsohuwa, sun shimfiɗu a gindin rijiyar. Abin da guga ya ɗebo laka ce da saiwa.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Iska ta kaɗo masa jan fure a kafaɗa, bai kakkaɓe ba. Ina lissafin watannin zafin da ke gabanmu, na kasa kai ƙarshe don tsoro.

Sai muryar tsohuwa ta fito daga ɗaki, da murnarta.

"Rkia, ƙarar murfi na ji? Kun buɗe sabuwar? Kawo mini in sha mai sanyi, 'yata, na gaji da ruwan lakar nan."

Na dubi Bihi, ya sunkuyar da kai.

"To, Inna," na ce. "Ga ni nan zuwa."