Zoben Herminia a Bakin Inji

Shekara talatin da biyu Don Nicanor yana kula da injin harba ƙananan ƙwayoyin da ake kira proton a wani ɗakin bincike na birnin Meziko, bai taɓa jin tsoronsa ba sai ranar da aka buɗe ƙofa ga iyalan ma'aikata. Injin nan ba shi da aiki sai tonon asiri. Proton zai kutsa can cikin atom, wato ƙwayar zarra, ya fizge ilektiron daga ɓawon ciki, wani ilektiron ya faɗo ya cike gurbin, sai hasken eksire ya fito. Kowane ƙarfe da irin haskensa, allon kwamfuta kuma ba ya rufa wa kowa.

Matarsa, Doña Herminia, ta ajiye tukunyar tamales, alalensu na masara, ta tsaya sauraron Dakta Citlali, shugabar ɗakin. Dakta na tambayar wa ke da abin da za a gwada, sai Herminia ta murɗe zoben aurenta ta miƙa.

Nicanor ya bi zoben da kallo. Zoben nan tagulla ne. A bakin titi ya saye shi lokacin aljihunsa ba kowa, ya rantse mata zinariya ce. Kowace shekara sai ya ce bana zai sauya, kowace shekara kuma sai ta wuce.

"Tsohuwa, injin ba shi da lafiya yau," in ji shi.

"Da safe ka ce lafiyarsa ta fi taka."

"Zai iya ƙona miki shi fa."

"Haba, Don Nica," in ji Dakta, "ko ƙwarzane ba ya yi. Kai ka koya mini."

Ba yadda ya iya. Da hannunsa ya ɗora zoben, da hannunsa ya saki proton, gumi na bin wuyansa. Tsini biyu manya suka miƙe a allo, jan ƙarfe da tutiya, tagulla ke nan tsagwaronta. Amma can gefe akwai wani ɗan tsiriri. Na tutiya ne shi ma, sai dai yana zama dab da inda na zinariya ke fitowa, har ɗalibai kan ruɗe da shi. Nicanor ya dangwala masa yatsa.

"Ga ta nan! Zinariya!"

Dakta ta kalli allo, ta kalli tsohon, ta yi tari. "To... unguwarsu ɗaya dai."

Herminia ta gyara tabarau. "Wannan ɗan figigin? To waɗannan ƙattin biyu fa?"

"Rakiya suka yi mata."

Ta jira aka ciro zoben, ta riƙe shi a tafin hannu.

"Nicanor, sati ɗaya da aurenmu yatsana ya koma kore shar. Tun ranar nake shafa jan farce marar launi a cikinsa, don kada ka gani ka ji kunya."

Kunyar da aka tare masa shekara da shekaru ta rufto masa gaba ɗaya, tare da wani tausayin matar nan da ya sa idonsa ya cika.

"To me ya sa kika kawo shi?"

"So nake in ga wa zai riga faɗa, kai ko injin."

Dakta ta shiga duba wata waya da ba abin da ya same ta. Nicanor ya sunkuyar da kai.

"Tagulla ne," ya ce, murya ciki-ciki.

"Yawwa." Ta miƙa masa yatsa. "Zo ka sa mini abina."