Sunan Yankan Altine

"Kada ki zare!"

Inna Altine ta cafke hannun Murja kafin ya kai ga wayar cajin na'urar. Tsohuwa ce 'yar firit, amma hannun da ya shekara yana tatsar shanu ba ya riƙon wasa. Murja, mai shagon gyaran kwamfuta a bakin tashar Gwarzo, ta yi dariya tana murza wuyan hannunta.

"Inna, ai sai na raba ta da batirin nan kafin in ɗora ta a mazauninta mai haɗa ta da kwamfuta."

"Malam ya ce ran da wuta ta ɗauke mata gaba ɗaya, ta manta komai, kamar an wanke allo."

Gaskiya Malam ɗin ya faɗa, Murja ma ta sani. Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, ga ɗan tsinken rubutu a gefenta. Marigayi Malam Hadi, mijin Altine, malamin dabbobi ne, a wajen aiki aka ba shi ita tun kafin wayar hannu ta iso Masanawa. Tun da ya rasu Altine ba ta bar ta ta mutu ba. Ta kai ta caji wurin mai janareto, ta kai ta gidan mai sola, har maƙwabta na tsokanarta wai ta yi jaririn da ba a yayewa. Yanzu batirin cikinta ya kumbura, sai a jone da wani batiri na waje take rayuwa.

Ba lissafin allurar shanu Altine ke gadi ba. Ita 'yar fari ce, mahaifinta kuwa, Baffa Jalo, Bafulatani ne na gidi, irin waɗanda kunya ba ta barin su kama sunan ɗan fari. Shi ya raɗa mata Zubaidatu ran suna, daga nan bakinsa ya rufe. Duniya ta kira ta Altine don ran Litinin ta zo, shi kuwa ko wannan bai taɓa faɗa ba, sai dai "ke", ko ya yi gyaran murya ta gane da ita ake. Wata rana Malam Hadi ya dawo daga makiyaya yana murmushi, ya ce ya ɗauki muryar Baffa a na'urar, kuma Baffa ya faɗi sunanta. Ta toshe kunne ta gudu ɗaki, ai ba za ta ji wannan abin kunyar ba alhali tsohon na raye! Da Baffa ya rasu ta nemi ji, ashe lasifikar na'urar ta riga ta mutu. Da na sani ƙeya ce, kuma ta sha ta har ta gode Allah.

"Mazaunin ba ya ba ta wuta," in ji Murja, "shi ya sa zan shirya komai tukuna. In na zare, sai addu'a."

Shirin kuwa ya ci rabin yini. Bakin wayar mazaunin faffaɗa ne, mai haƙora jere, sabuwar kwamfutar kuma ba ta da ramin da zai karɓe shi. Murja ta zazzage kwali guda na tarkace kafin ta samo mahaɗi. Aka haɗa, kwamfutar ta yi kamar ba ta ga baƙuwa ba.

"Ba ta san ta ba ne?" Altine ta tambaya.

"Ba ta jin yarenta, Inna. An haifi wannan bayan an daina yin irin waccan."

"To, 'ya'yan zamani ke nan."

Murja ta yi ta danne-danne, tana tsaki tana sakewa. Can bayan azahar sai wata 'yar taga ta buɗe a tsakiyar allon, a cikinta ga wani allon daban, mai koren tudu da shuɗin sama. Ta ce tsohuwar kwamfuta ce ta gina a cikin sabuwar, irin ta zamanin Malam, don a sami mai yi musu tafinta. Altine ta leƙa bayan allon, ta ga kaurinsa bai wuce na faifai ba, ta dawo ta zauna.

"Kwamfuta a cikin kwamfuta, kamar saniya da ɗa a ciki? Ikon Allah sai kallo!"

Wani rubutu ya fito, Murja ta ɗauke hannunta daga maɓallan.

"Inna, tambaya take yi, wace za ta bi wace. In na ce tsohuwar ta bi sabuwar, ita sabuwar ba komai a cikinta, sai ta share miki taki tas."

"Yo wannan ma abin tambaya ne, 'yar nan? Babba ke magana, yaro ya saurara."

"Shi zan zaɓa. So nake dai ki ji da kunnenki kafin in danna."

Ta danna. Sannan ta dubi Altine. Tsohuwar ta yi bisimilla, ta zare wayar da kanta, karo na farko da ta yi hakan tun da batirin cikinta ya kumbura. Murja ta dasa na'urar a mazauninta ta latsa maɓallin gabansa. Wani ɗan koren layi ya soma rarrafe a allon, daga hagu yana nufar dama. A waje 'yan kamasho na kiran Kano da Kabo, amma Altine ba ta jin su. Tsoro ya kama ta sosai, don tana kallon hasken na'urar yana dushewa kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Koren na dab da bango, fuskar na'urar ta yi baƙi ƙirin.

"Ta tafi?"

"Ta tafi, Inna. Bari mu ga abin da ta bari."

Murja ta buɗe, ta lalubo muryoyin, ta ƙara sauti. Iska ce ta fara zuwa, sai kukan maraƙi, sai Malam Hadi ya yi sallama cikin muryarsa ta ƙuruciya. Altine ta dafe ƙirji. Ba ta gama da wannan ba sai ga Baffa, Baffa da kansa, yana kiran shanunsa da dogon kiran nan nasa mai lanƙwasa a ƙarshe. Mutumin da ƙasa ta daɗe da rufewa, ga shi a shagon Murja tsakanin wayoyi da kwalaye.

"Baffa, wannan jar fa, ta wa ce?" muryar Malam ta tambaya.

Shiru ya biyo baya, har Murja ta kai hannu ta duba ko sautin ne ya yanke. Altine ta girgiza mata kai. Ta san wannan shirun, a cikinsa ta girma. Tsohon ya yi gyaran murya.

"Ta Zubaidatu ce," ya ce ƙasa-ƙasa. Ya ɗan dakata, sannan ya sake, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da ya daɗe yana ajiya. "Zubaidatu."

Altine ta zame daga bencin ta durƙusa a kan simintin, ta sunkuyar da kai yadda take yi a ƙofar bukkarsa.

"Na'am, Baffa," ta ce.