Tafki na Bakwai da La'asar

Likitan ido bai ɓoye wa Bahrullo komai ba. Ya ce idon mahaifiyarsa na hagu ya riga ya tafi, na daman kuma in ya kai kaka yana gani, to a gode wa Allah. Tsohuwar, Mehriniso, tana zaune tana ji, ko gezau ba ta yi ba. Sai da suka koma gida ta jingina da bango ta ce, "Kai mai hoto. Shekara talatin kana ɗaukar amaren mutane da gemun masu neman fasfo. Hau ka ɗauko min tafkinmu in gani, tun ina da abin ganin."

Tafkinsu shi ne na bakwai a jerin tafkuna bakwai da ke cikin duwatsu, can ƙarshen kwari, inda ta yi ƙuruciyarta tana bin shanu kafin aure ya kawo ta birnin Panjakent. Ƙafafunta sun daina hawan dutse tun tuni. Bahrullo kuwa ɗan birni ne, sau biyu kacal ya taɓa zuwa wurin, shi ma rakiyar baƙi. Amma aikinsa ya san shi. Ya san tafkin nan ba ya nuna shuɗinsa sai da hantsi. Da azahar ta gota, inuwar dutsen yamma za ta faɗo masa ya koma toka-toka. Ya ƙudura a ransa sai ya kawo wa uwarsa shuɗin da ko rabin ido zai gani.

Ranar Talata, cikin watan Mayu, ya bi motar haya har tafki na shida, inda hanyar mota ta ƙare. Direban ya dubi kyamarar da ke wuyansa, ya dubi agogo, ya ce, "Malam, tafiyar awa biyu ce in ka kama bakinka. In an tambaye ka a ƙauyen can, ka ce kai ma'aikacin auna ruwa ne daga babban birni Dushanbe. Kada ka kuskura ka ambaci sunan wani naka."

Bahrullo ya yi dariya ya kama hanya. Safiyar ta yi kyau har ta gaji. Ƙanƙara na narkewa a kan duwatsu, ruwa na gangarowa ta kowane lungu, itatuwan tuffa sun yi fari fat da fure. Ya tsaya sau biyu ya ɗauki tafki na shida daga sama, yana haki, yana zagin sigarin da ya bari shekara goma da suka wuce.

A bakin ƙauyen wata tsohuwa na zaune a ƙofar gida tana tsefe ulu. Ya gaishe ta hannu a ƙirji, ya zo wucewa.

"Tsaya, mai akwati a wuya. Ɗan wa ne kai?"

To, ga gargaɗin direba a kunnensa sabo fil. Amma wane ɗan halak ne zai tsaya a ƙauyen uwarsa ya ce shi ba ɗan kowa ba ne? Bakinsa ya riga shi. "Ɗan Mehriniso ne, ta gidan Usto Sohib maƙeri."

Tsohuwar ta watsar da ulun ta miƙe. "Mehriniso mai tsiwa? Tana raye? Wayyo ni Nazokat! Ai tare muka yi kiwo! Shiga, shiga, hancin nan ma nata ne, Allah bai rage maka komai ba."

"Gwaggo, sauri nake, rana..."

"Rana ta gidanku ce? Cire takalmi."

Kafin ya gyara zama an shimfiɗa mayafin abinci, an gutsuttsura gurasa mai zafi an tura gabansa, ga kindirmo, ga man shanu, ga busassun 'ya'yan itace. Gwaggo Nazokat ta tsiyaya shayi a kofi ta mayar cikin buta, ta sake, ta sake, sau uku cif, sannan ta zuba masa ɗan kaɗan a gindin kofin. Haka ake yi wa baƙon da ake so ya daɗe. Wanda ake so ya tafi shi ake cika wa. Bahrullo ya kurɓe, aka ƙara ɗan kaɗan. Ya kurɓe, aka ƙara.

"Gwaggo, don Allah cika min shi."

"In cika maka? A'uzubillahi! Korar ɗan Mehriniso zan yi? Me na yi maka?"

Labari ya zaga ƙauye. Tsofaffi suka dinga shigowa, kowa da nasa abin a hannu, kowa da tambayarsa: haƙoran Mehriniso nawa suka rage, har yanzu tana zagin akuya kamar mutum? Aka kuma kawo Baba Hudoydod, dattijon da ya fi kowa shekaru, aka zaunar da shi a saman shimfiɗa. Nan Bahrullo ya san tasa ta ƙare, don ba mai tashi daga kan abinci sai babba ya ɗaga hannu ya yi addu'a an shafa. Shi kuwa Baba Hudoydod labarin wani alfadari ya ɗauko, wanda ya faɗa tafki na biyar tun zamanin da gonaki ke hannun gwamnati. Alfadarin bai fito daga ruwa ba sai da aka sake buta biyu. Daga nan dattijon ya sunkuyar da kai, gyangyaɗi ya kwashe shi.

Bahrullo na kallon hasken rana yana rarrafe a kan bango, ransa na ƙuna. Ya yi tari, ya yi gyaran murya, ya buga cokali a kofi. Ina! Sai da ladan ya kira azahar dattijon ya farka, ya ɗaga hannu, aka shafa.

Bai tsira ba ko a lokacin. Sai da ya jera tsofaffin ya ɗauke su, Gwaggo Nazokat na cewa a jira ta sake kallabi. Ta cusa masa gurasa biyu a jaka, ta ce, "Daina ɓata fuska, tafkin yana nan inda ka san shi."

Ya hau sauran hanyar kamar wanda aka biyo. Da ya ɓulla kan tudu na ƙarshe, sai ya tsaya cak. Inuwa ta riga ta rufe ruwan. Babu shuɗi ko na magani, sai toka-toka kamar gindin tsohuwar tukunya, iska na kaɗa shi, ragowar ƙanƙara a gefe ta yi dauɗa. Ya zauna a kan wani faffaɗan dutse a bakin ruwa, hawaye ya cika masa ido, shi da furfurarsa. Gobe yana da biki biyu, jibi an ce hadari zai sauko na kwanaki, idon uwarsa kuma ba jira yake ba. Ya tashi ya ja da baya, ya ɗauki abin da ya samu, har da dutsen da ya zauna a kai, don kada ya koma hannu rabbana.

Ranar Alhamis da hantsi ya wanke hoton babba, ya kai mata a tsakar gida inda haske ya fi yawa. Ya durƙusa yana kame-kame. "Inna, ki yafe min. Mutanenku ne suka tsare ni da shayi. Zan sake komawa in..."

"Yi min shiru."

Ta kawo hoton dab da idonta na dama, tana bin sa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Yatsanta ya sauka a kan faffaɗan dutsen ya tsaya.

"Ga dutsen wanke-wankenmu," in ji ta. "Nan nake zama, Nazokat can, kullum sai mun yi faɗa a kan yashin goge tukunya. Ga inuwar ma ta sauko. Kai, yaron nan, wa ya gaya maka da la'asar ake zuwa?"

Bahrullo ya saki baki. "Inna, ai shuɗin nake so in kawo miki. Na hantsi."

"Wane shuɗi? Da hantsi wa ya ga tafki? Muna ƙarƙashin saniya muna tatsa, mu kaɗa nono, mu toya gurasa, mu kai wa maza abinci. Sai inuwa ta faɗo ake sakinmu mu sauka da tukwane. Wannan shuɗin da kuke sayarwa a kasuwa na baƙi ne, an kawo min shi a kalanda sau nawa, ban gane shi ba. Wannan ne nawa."

Ta rungume hoton a ƙirji tana kuka tana dariya, tana sa masa albarka, tana haɗawa da kakanninsa. Shi kuma a ransa yana ta gode wa Allah, da Gwaggo Nazokat da kofinta da ba ya cika, da Baba Hudoydod, har da alfadarin da ya ƙi fitowa daga ruwa da wuri. Ya tuna tarin da ya dinga yi don ya tashi dattijon daga barci, kunya ta kama shi.

Ya ɗauko guduma da ƙusa ya nufi bangon da ke fuskantar ƙofa, inda baƙi za su gani.

"Ba can ba," in ji Mehriniso. "Nan kusa da shimfiɗata, ƙasa-ƙasa. Ta hannun dama."