Tsingaron Sauda a Ruwan Gubi

Da hannuna na fasa tsohuwar randar nan, saboda haka duk mai neman wanda zai tuhuma ya fara da ni, A'i mai suyar kifi. 'Yata Sauda ce ta ce aikinta na kammala jami'a yana buƙatar tsingaro. Ta huda kowane guntu, ta rubuta masa lamba, ta zura igiya, ta nutsa su a gefen dam ɗin Gubi, kusa da rumfata. Wai gansakuka za ta kama jikinsu, ita kuma ta riƙa duba abin da ke zuwa ci. In aka tsame su kafin ƙarshen damina aiki ya lalace, sai ta maimaita shekara.

Ba a daɗe ba kamun kifi ya yi ƙasa, kamar yadda yake yi duk sanda ruwa ya cika ya yi ja. Amma Ya'u, masuncin da tarunsa ya fi na kowa huji, ya samo dalili. Ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya yana cewa 'yar A'i ta binne asiri a ruwa, ta ɗaure kifi. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Yarinyar nan a gaban idonsa ta yi rarrafe.

Wata safiya ina hura wuta sai na ji hayaniya a bakin ruwa. Na tarar da masunta sun yi cincirindo, Ya'u ya riga ya jawo igiya ɗaya, tsingaron na reto yana ɗigar ruwa, ya yi kore shar. Sauda na tsaye gaban Malam Ja'afaru, babban masunta.

"Baba, wallahi gansakuka ce kawai," in ji ta. "Dodon koɗi da ƙananan tsutsotsi suna kiwo a kanta, karfasa ma tana gaigaya, tarwaɗa kuma ta zo ta ci su. Ita ce ciyawar kifi."

"Ciyawa da rubutu a jiki?" Ya'u ya ɗaga tsingaron sama don kowa ya gani. "To, in ba asiri ba ne, ta lasa mu gani. In ta ƙi, yau duk mu kwashe su."

Sai ga kawuna suna gyaɗawa. Mutanen da kullum suke zama a bencina suna cin kifi da yaji, su ne yau suka bi bayan Ya'u. Na ga Sauda ta miƙa hannu. Yarinyar da ko ruwan rijiya ta sha ba a tafasa ba sai ta kwanta!

Na ture hannunta, na fizge igiyar daga wajen Ya'u.

"Kai, Ya'u, da uwarta a tsaye kake ba ta umarni? Randata ce. In da asiri a jiki, ni ya san ni."

Na sa babban yatsa na kankare koren nan tas, na kai baki. Allah ya sani ban taɓa cin abu mara daɗi irinsa ba. Santsi, ƙarni, laka, har wani abu ya yi ƙaras a haƙorina. Na haɗiye ina kallon Ya'u cikin ido.

"Ga ni nan, ban faɗi ba," na ce. "Miƙo min kifinka."

Ban jira shi ba. Na zaro karfasa daga kwandonsa, na tsaga cikinta da wuƙar da ke hannuna tun daga rumfa, na baje hanjin a tafin hannu. Kore ne shar, irin wanda nake wankewa kullum kafin in tsoma a mai.

"In wannan asiri ne, Ya'u, to da shi ka ciyar da iyalinka tun da ka fara su."

Wani ya tuntsire da dariya a baya. Malam Ja'afaru ya duba hanjin, ya duba tsingaron, ya ce, "Ya'u, mai da musu kayansu inda ka ɗauko. Kada in ji wani ya sake taɓa igiyar nan." Ya'u ya naɗe wando ya shiga ruwa yana ƙunƙuni.

Da muka koma rumfa ina ta kurkure baki, Sauda ta zauna kusa da ni, idanunta cike da hawaye, tana kuma son yin dariya.

"Inna," ta ce a hankali, "wannan da kika kankare shi ne ya fi duka kamawa. Me zan ce wa malamina?"

Na tofar da ruwan, na goge baki da gefen zane.

"Ba abin da ke cin gansakuka aka ce ki gano ba? To, gaya masa. Dodon koɗi, karfasa, da uwarki."