Gefen Hagun Haladu

"A fara auna ni tukuna, sannan ɗakin duhu," in ji Haladu, yana buga teburin likita kamar shi ya gina asibitin.

Haladu direban tarakta ne a gonakin Gadambaliya. Tun bara aka gaya masa yana da hawan jinin ido, ciwon da 'yan Gadarif ke kira moya zarga. Duk zuwan da zai yi, sai a fara sa shi ɗakin duhu, ya ɗora haɓa kan na'ura, ya riƙa danna maɓalli in ya ga ɗigon haske. In ya fito a auna idon, a ce ya hau. Wancan karon Dakta Tibyan ta ce in ya sake hawa, sai aikin tiyata. Ga kaka ta kawo kai, mai gona kuwa ba jiran majinyaci zai yi ba, wani direban zai ɗauka.

Ana haka ya haɗu da Ayman mai facin taya a wurin mai jabana, wato mai dafa gahawa. Ayman ya san maganin kowace cuta ban da tarin da ke cinsa. Shi ya hura masa kunne cewa ɗakin duhun ne ke tayar da awon. Haladu ya riƙe zancen nan gam, don ya fi masa daɗi a kan tuna maganin ɗigawar da ke kwance cikin akwatin sifanoni, wanda ba ya waiwayarsa sai ranar asibiti ta matso.

"Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, Ammu," in ji likitar, tana nufin baffa. "Wasu in sun fito daga gwajin, awonsu yakan ɗan ɗaga. Bari mu auna kafin gwajin, mu auna bayansa."

Aka auna, awo ya yi kyau. Haladu ya juya har da kafaɗa ya dubi matarsa Ummusalama.

"Kin gani? Da na biye musu, da sun yanka ni a banza."

Ita ce dai ke kwashe kofunan shayin da yake turewa a gida.

Ya shiga ɗakin duhu yana taƙama. Ya danna, ya danna, sai kuma shiru ya yi yawa. Da ya fito ya ce, "Na'urarku ma ta lalace, gefen hagu ba ta kawo wuta."

Aka sake aunawa, ya ɗan hau. Nan fa bakin Haladu ya ƙi rufuwa.

"Ka yi gaskiya a wannan," in ji Dakta Tibyan. "Amma awon labarin yau kawai yake bayarwa. Ɗakin duhun shi ke ba da labarin shekara. Na'urar lafiyarta ƙalau, ta kawo wuta, kai ne ba ka gani ba. Ganinka na gefen hagu ya tafi, kuma ba ya dawowa. Aikin don a tsare ragowar ne."

"Halas, shi ke nan," in ji Haladu yana miƙewa. "Awo dai ya yi kyau, da bakinki kika faɗa. Sai bayan kaka."

Ya fito bakin asibiti yana karkaɗe jallabiya, mutumin da ya yi nasara kan likita. Rana ta take, masu adaidaita suna ta hon. Ya tsaya yana duba titi, ransa ya soma ɓaci.

"Ina matar nan ta shige kuma? Ummusalama!"

"Ga ni, Baban Rawan," ta ce a hankali, tana kiransa da sunan 'yarsu.

Tana tsaye a hagunsa, kafaɗarta na kusan taɓa tasa, tun ɗazu take miƙo masa rawaninsa da ya manta a kan tebur.